Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Yadda Ƙanwata Ta Faɗi Intabiyu Ɗaya Ta Ci Na Biyu

Bayan la'asar ta kira ni, wata Laraba a ƙarshen 2024. 'Yar baffana ce, gida ɗaya muka tashi, kuma ni na fara ɗora hannunta a kan kwamfuta. Tun daga sallamarta na san babu labari mai daɗi. Ta ce, "Yaya, sun turo saƙo. Wai sun gode, za su ci gaba da wasu." Ta kai mataki na uku cikin huɗu a wani kamfanin hada-hadar kuɗi da ke Legas, tana neman gurbin ƙaramin manajan haja. Na nemi izininta kafin in rubuta wannan, ta yarda bisa sharaɗin kada in ambaci sunanta ko na kamfanonin.

Ta yi digiri a ilimin kwamfuta, ta yi bautar ƙasa, sannan ta shekara biyu a wani ɗan ƙaramin kamfani a Kano da ke yi wa makarantu masu zaman kansu manhajar karɓar kuɗin makaranta da fitar da sakamako. A takarda aikinta gwada manhaja ne kafin a sake ta. A zahiri ita ce ke ɗaga waya idan akawun makaranta ko wani uba ya kira cikin fushi. Kafin wannan, a watan Fabrairun 2023, lokacin da sauyin fasalin naira ya jefa mutane cikin ƙarancin tsabar kuɗi, ta yi makonni tana taya yayanta zama a rumfarsa ta POS. Ta ga dattijo ya tsaya tun hantsi yana jiran dubu biyar, ta ga an cire wa mace kuɗi daga asusu na'ura kuma ta ce bai shiga ba, ga rantsuwa ga kuka. Wannan duk bai shiga takardar bayananta ba. A ganinta taimakon gida ne, ba aiki ba.

Shi manajan haja, wanda masu harkar ke kira furodak manaja, ba shi ke rubuta manhaja ba, kuma injiniyoyin da yake aiki da su ba yaransa ba ne. Nasa shi ne ya gano matsalar da ta fi damun masu amfani da kayan, ya yanke abin da za a gina yanzu da abin da zai jira, ya shawo kan mutanen da ba shi da ikon ba su umarni. Akan kai asalin aikin ga wata takarda da Neil McElroy ya rubuta a kamfanin Procter & Gamble a 1931, inda ya nemi a ba kowace haja mutum guda da zai ɗauki nauyinta. A 2002 Marissa Mayer ta buɗe wa Google shirin ɗaukar sabbin masu digiri ana horar da su a wannan aiki, wasu kamfanoni suka bi sahu. A nan gida ma shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 ya sa shi cikin fannonin da yake koyarwa. Tun da aikin yanke shawara ne, intabiyunsa ma gwajin yanke shawara ne. Wannan shi ne abin da ƙanwata ba ta gane ba a karon farko.

Abin da littafinta ya nuna

Tana da wata ɗabi'a da ta cece mu. Duk lokacin da ta gama zama da su, takan rubuta tambayoyin da amsoshinta a littafi kafin ta manta. Da turanci aka yi hirar ta bidiyo, ni ne nake mayar da ita Hausa a nan. Bayan isha'i muka zauna a tsakar gida muka bi littafin shafi-shafi.

Tambayar farko ita ce wadda kowa ya sani, ba mu labarin kanki. Ta fara da ba su haƙuri a kan turancinta, alhali babu abin da ya samu turancin. Daga nan ta ɗauko daga firamare, ta bi ta sakandare da jami'a, ta lissafa kwasa-kwasan intanet da ta yi. Ta ci kusan minti biyar ba ta faɗi matsala ɗaya da ta taɓa warwarewa ba.

Ta biyu ce ta fi yi mini ciwo. Aka ce ta ba da labarin lokacin da ra'ayinta ya saɓa da na shugabanta, da yadda suka ƙare. Ta ce ba ta taɓa samun saɓani da shi ba, domin mutum ne mai kirki kuma tana girmama na gaba da ita. Na ajiye littafin na dube ta. Na ce, "Ke da kika hana ni barci wata guda a kan rigimar manhajar iyaye?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "To Yaya, in je gaban baƙi in ce na yi jayayya da ogana? Ai sai su ce ba ni da tarbiyya."

Ga yadda rigimar take. Mai kamfaninsu ya so a gina wa iyaye manhajar waya mai kyau, su riƙa ganin sakamakon yara da hotunan bikin makaranta. Ita kuwa da ke ɗaga waya ta lura cewa a cikin kowane kira uku, biyu a kan abu guda ne: uba ya biya kuɗin makaranta, amma an koro yaro gida an ce bai biya ba. Da ta bi diddigi sai ta ga dalili. Yawancin iyayen ba daga asusunsu suke turawa ba, wurin mai POS suke zuwa da tsabar kuɗi, saboda haka sunan da ke fitowa a alat ɗin makaranta na mai POS ne. Akawu ya ga kuɗi ya shigo, bai san na wane yaro ba ne. Ta riƙa rubuta kiran a littafi har zango ya ƙare, ta kai wa shugabanta, ta ba da shawarar a ba kowane ɗalibi lambar asusu tasa shi kaɗai, ta yadda ko waye ya tura, kuɗin zai sauka a kan sunan yaron, uba kuma ya samu saƙon tes a ƙaramar wayarsa. Ya ƙi da farko. Ta roƙi a gwada a makaranta ɗaya tak. Aka gwada, kiran makarantar ya ragu ƙwarai, aka shimfiɗa shi a sauran.

Wannan labari shi ne aikin manajan haja gaba ɗayansa, daga sauraron kwastoma har zuwa shawo kan mai iko da hujja. Tana da shi a hannu, ta ɓoye. Da aka matsa mata a wata tambayar ta faɗi wani abu da take alfahari da shi, sai ta taɓo shi sama-sama: mun lura, mun gwada, mun samu nasara. Mai tambayar ya ce, ke me kika yi a ciki? Ta amsa cewa aikin haɗin gwiwa ne. Ya sake tambaya, ta sake cewa duk tare suka yi.

Ban ga laifin tarbiyyarta ba, kuma ba zan taɓa cewa ta zubar da ita ba. Mun tashi ana gaya mana yabon kai jahilci, kuma gaskiya ne a zaure da wurin biki. Amma kujerar intabiyu ta fi kama da tsayuwar shaida a gaban alƙali. Shaida ba ya cewa an gani, cewa yake na gani, ranar kaza, a wuri kaza. Mai tambaya ba zai ɗauki kamfaninku duka aiki ba, mutum ɗaya zai ɗauka, kuma ba shi da hanyar sanin rabonka a cikin aikin sai ta bakinka. Wanda ya ce ni a inda jama'a suka yi aiki ya yi ƙarya. Wanda ya ce mu a inda shi kaɗai ya tsaya, shi ma bai ba da shaidar daidai ba.

Tambaya ta ƙarshe da ta kayar da ita ta tunanin haja ce: yaya za ki inganta manhajar da wakilanmu na POS ke amfani da ita? Ta riga ta haddace wani tsari da ake kira CIRCLES, na Lewis Lin, mai matakai bakwai na amsa irin wannan tambaya. Tsarin ba shi da aibu. Sai dai ta karanto shi ne kamar mai tilawa, mataki na ɗaya kaza, na biyu kaza, ta ƙare da shawarar a sa ƙirƙirarriyar basira da allon zane-zanen ciniki. Yarinyar da ta yi makonni a rumfar POS ba ta ambaci rumfar ko sau ɗaya ba.

Dalilin da ya sa suke tambaya haka

A da manyan kamfanonin fasaha sun yi suna da tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa, irin su ƙwallo nawa za su cika jirgin sama. A 2013 Laszlo Bock, wanda ke shugabantar sashen ma'aikata na Google a lokacin, ya gaya wa jaridar New York Times cewa sun gano irin waɗannan tambayoyi ɓata lokaci ne, ba sa nuna wanda zai iya aiki. Abin da ya ce yana aiki shi ne a yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya a kan abin da ya taɓa yi da gaske, a auna amsoshin da ma'auni ɗaya. Amazon ta gina nata intabiyun a kan ƙa'idojin shugabanci 16, kuma ɗaya daga ciki tana neman ma'aikaci ya iya tsayawa ya ƙi yarda da na sama da shi cikin ladabi, sannan idan an yanke hukunci ya bi da zuciya ɗaya. Kamfanonin Legas da dama sun kwaikwayi wannan salo. Saboda haka tambayar saɓani da shugaba ba tarko ba ce. Wanda ya ce bai taɓa saɓawa ba, abin da suke ji shi ne ko dai bai taɓa damuwa da aikin ba, ko kuma ya ga kuskure ya yi shiru.

Ba na cewa ma'aunin nan ba ya kuskure. A 2015 Max Howell, wanda ya ƙirƙiri manhajar Homebrew da ɗimbin injiniyoyi ke amfani da ita, ya yi intabiyu a Google bai samu ba, ya kuma fito ya koka cewa an ƙi shi ne saboda ya kasa warware wata tambayar tsarin bayanai a kan allo. Ana iya barin gwani a ɗauki wanda ya fi shi iya magana. Na gaya wa ƙanwata wannan don kada ta ɗauki saƙon da aka turo mata a matsayin hukunci a kan ƙwaƙwalwarta. Amma na kuma gaya mata cewa nata ba irin na Howell ba ne. Shi an tambaye shi abin da bai iya ba. Ita an tambaye ta abin da ta fi kowa sani, ta ƙi faɗa.

Watannin shiri

Na hana ta sayen wani sabon kwas. Na ce ta zauna ta tono labarai shida daga aikinta da rayuwarta: inda ta saɓa da wani, inda ta yi kuskure, inda ta yanke shawara ba tare da cikakken bayani ba, inda ta ce a'a, inda ta koyi abu cikin gaggawa, da inda ta huce da mai fushi. Kowanne muka zuba shi a tsarin da ake kira STAR, wanda ba komai ba ne illa tambayoyi huɗu: wane hali ake ciki, me ya rataya a wuyanki, me kika yi da hannunki, me ya biyo baya. Na sa mata doka cewa kashi na uku ya fi sauran tsawo, kuma labari kada ya wuce minti biyu.

Mun fi shan wahala a kan kalmar ni. Takan fara da kyau, tana zuwa tsakiya sai mu ta dawo. Dabarar da ta yi aiki ita ce na sa ta fara ba da labarin da Hausa, kamar tana gaya wa Inna. Da Hausa ba ta ɓoye komai, har da yadda gabanta ya faɗi ranar da ta shiga ofishin oga da littafinta. Sai mu ɗauki wannan mu mayar turanci. Muka kuma yarda a kan wata iyaka da ta kwantar mata da hankali: ta ba kowa haƙƙinsa da bakinsa. Injiniya ne ya haɗa lambobin asusun da banki, ta faɗi haka. Ita ta gano matsalar, ta tara hujja, ta nemi gwaji, ta faɗi haka. Da ta ga ba a neman ta ci haƙƙin kowa, sai harshenta ya saki.

Sauran ƙanana ne. Ta koyi kallon idon kyamara maimakon ƙasa, wanda ya zo mata da sauƙi da ta gane gilashi take kallo ba idon namiji ba. Ta tanadi layi biyu na kamfanoni daban da fawa-banki cike, ta kuma daina ba da haƙuri a kan abin da ba laifi ba.

Zama na biyu

Bayan ƙaramar sallar 2025 wani kamfanin ya kira ta, shi ma na biyan kuɗi, mai neman faɗaɗa harkarsa a arewa. Da aka ce ta ba da labarin kanta, jimla huɗu ta yi: abin da take yi yanzu, matsalar kuɗin makaranta da ta gano, zamanta a rumfar POS, da dalilin da ya sa take son wannan gurbi. Matar da ke tambayar ta tsaya a kan rumfar, ta ce a ba ta ƙarin bayani. Abin da ƙanwata ta ɗauka ba aiki ba ne, shi ya ci minti goman farko.

Da aka zo tambayar kuskure, ba ta ce aibinta shi ne son aiki da yawa ba, irin amsar da kowa ke haddacewa. Ta ba da labarin yara biyu a makaranta ɗaya masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a Kano. Ita ta gwada manhajar kafin a sake ta, ba ta yi tunanin gwada wannan ba, sai kuɗin ɗaya ya hau kan ɗayan, aka tsare yaro a bakin ƙofa ranar jarrabawa. Ta ce ita ta kira uban ta ba shi haƙuri, ta sa aka koma haɗa biya da lambar shiga makaranta maimakon suna, kuma tun daga ranar duk gwajin da za ta yi sai ta sa masu suna ɗaya a ciki.

Injiniya ne ya yi mata tambayar fasaha: me ke faruwa daga lokacin da aka sa kati a na'ura zuwa fitowar risit? Ta bayyana cewa na'urar na aika saƙo ta hanyar kamfanin da ke sarrafa cinikin, ya bi ta tashar musanya irin su NIBSS ko Interswitch, ya isa bankin mai katin, bankin ya duba lambar sirri da abin da ke asusu, ya cire, ya maido da amsa ta hanyar da saƙon ya zo. Sai ta ƙara abin da ba a tambaye ta ba. Idan sabis ya yanke bayan banki ya cire amma kafin amsa ta dawo, na'ura za ta ce bai yi ba alhali kuɗi ya fita, sai a jira ribas, wato a maido da kuɗin cikin asusu. Ya tambaye ta wani abu a kan yadda ake hana cire kuɗi sau biyu idan an maimaita saƙo. Ta ce ta san kowane ciniki na da lambarsa ta daban da ake dubawa, amma ba ta san yadda ake gina shi a ciki ba, za ta so ya nuna mata. Ya yi mata bayani a taƙaice suka wuce.

Sai tambayar ƙiyasi: masu POS nawa ne a birnin Kano? Ba lamba ake nema a irin wannan ba, hanya ake son gani. Ta fara da tambayar ko jihar ake nufi mai ƙananan hukumomi 44, ko ƙwaryar birni mai takwas. Aka ce birni. Ta ce bari ta ɗauka mutum miliyan 4 ne, rabi manya, rabin manyan na zuwa wurin mai POS, kowanne sau huɗu a wata. Ciniki miliyan 4 ke nan a wata, wajen 130,000 a rana. Idan rumfa na yin 30 a rana, za a samu rumfuna 4,000 da 'yan kai. Ta faɗa musu a fili cewa duk lambobin nan zato ne. Sannan ta ce idonta bai yarda da amsar ba, domin a layinsu kaɗai akwai rumfa a kowace kwana, kuma da yawa ba sa yin ciniki 30, masu yin 10 ma suna nan. Idan haka ne adadin zai ninka sau biyu ko uku, ban da 'yan kasuwar Kwari da Singa da ke ajiye na'ura don karɓar kuɗin kayansu kawai. Mai tambayar ya ce wannan gyaran da ta yi wa kanta shi yake jira.

Wadda ta fi nauyi ita ce ta shugaban sashen. Ya ce a ɗauka ta zo aiki ranar Litinin ta tarar cinikin wakilansu a arewa maso yamma ya faɗi da kashi ɗaya cikin huɗu a mako guda, me za ta yi? A zaman farko da ta yi tsalle ta ce a yi garaɓasa. Wannan karon ta nemi minti ɗaya ta yi rubutu. Ta ce da farko za ta tabbatar lambar gaskiya ce, ba na'urar ƙidaya ce ta samu matsala ba. Sannan ta tambaya: faɗuwar dare ɗaya ce ko a hankali? Duk jihohi ne ko gari ɗaya? Cire kuɗi ne ya ragu ko taransifa? Wakilan ne suka daina kunna na'ura, ko suna kunnawa ciniki na faɗuwa? Mu mun canja wani abu a makon, sabuwar manhaja ko ƙarin caji?

Daga nan ta fita waje, kuma a nan ne zama 'yar gari ya yi mata rana. Ta tuna musu cewa a ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun katse a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka yi ta fama. A farkon Agustan shekarar an sa dokar hana fita a Kano lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, kasuwanni suka rufe. An kuma sha rufe layukan da ba a haɗa da lambar NIN ba, kuma na'urar POS da layi take aiki. Ta ƙara da abin da ba ya cikin labarai: ranar Juma'a ciniki kan mutu daga azahar har a sauko daga masallaci, da azumi yakan koma dare, da kaka kuɗi kan bi hatsi zuwa Dawanau da kasuwannin ƙauye masu ci mako-mako, da damina kuma ya tafi gona. Ta ce kafin ta taɓa komai za ta kwatanta makon da irinsa na bara a lissafin watan Musulunci, ba na Bature kaɗai ba, sannan ta kira wakilai goma da bakinta ta ji.

Ya ce to a ɗauka an gano cewa ciniki ne ke yawan faɗuwa, wakilai suna komawa na'urar wani kamfani, ga injiniya biyu kacal da wata ɗaya. Ta ce ba za ta yi alkawarin gyara sabis ɗin bankuna ba, ba a hannunsu yake ba. Abin da ke kashe wakili shi ne rashin sani: kwastoma na tsaye yana nuna alat, shi kuma bai san ko kuɗin zai dawo ba, ko ya ba da tsabarsa ya yi asara, ko ya hana a yi faɗa. Za ta gina abu biyu. Na ɗaya, na'ura ta nuna bankin da ke da matsala a wannan sa'a tun kafin a sa kati. Na biyu, kowane cinikin da ya maƙale ya fito da risit mai cewa an cire ko ba a cire ba, da lambar bibiya, a kuma tura wa kwastoma tes idan ribas ya shiga. Za ta auna nasara da yawan wakilan da suka dawo ciniki kullum da raguwar kiran ƙorafi, tana kuma lura kada gargaɗin ya sa a riƙa korar kwastoma ba dalili. Ya tambaye ta me za ta bari. Ta ce sabon fasalin allo da shirin ba da lada, duk su jira.

Da aka ba ta dama ta yi tambaya, ta ce tana son sanin yaushe rabon wani daga sashen haja ya zauna a rumfar wakili a arewa, kuma idan ta zo za a bar ta ta riƙa yi? Shugaban ya ce an jima, kuma dalilin buɗe gurbin ke nan.

Bayan kwana tara suka kira ta da tayi: aiki daga Kano, da zuwa Legas lokaci-lokaci, wanda sai da muka zauna da Baffa kafin ya amince. Wuri ɗaya ne shirinmu bai kai ba. Na gaya mata idan an faɗi albashi ta yi godiya, ta nemi kwana biyu, ta tambayi abin da ke cikinsa, haraji da fansho da inshorar lafiya da kuɗin data, sannan ta nemi ƙari ko kaɗan ne, domin kamfanoni da yawa kan bar gurbin hakan a tayin farko. Tana jin adadin, wanda ya ninka abin da take karɓa, ta ce ta amince nan take. Da na yi mata magana ta ce, "Yaya, mutum ya ba ka abin da ba ka taɓa riƙewa ba, ka ce ya ƙara? Wannan kam ban iya ba tukuna." Mun ajiye maganar zuwa lokacin da za a duba aikinta na shekara, kuma ta riga ta buɗe sabon shafi a littafin tana rubuta abin da ta yi da hannunta, wata bayan wata.